Hijirar mutanen Sabon Birni da Isa zuwa Nijar: Abin da doka ta tanada kan zama, ɗan ƙasanci da magani

Tun daga watan Afrilun 2019 dubban mutane daga ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na Jihar Sakkwato, tare da maƙwabtansu na Zamfara da Katsina, suke tsallakawa Jamhuriyar Nijar domin tsira daga hare-haren 'yan bindiga. Tsallakawar ba ta da wuya, domin babu shinge, harshe ɗaya ne, dangi kuma suna nan ta kowane ɓangare. Wahalar takan zo ne daga baya, ranar da jandarma ya nemi takarda, ko aka haifi jariri, ko ciwo ya kwantar da mutum. A ranar ake gane cewa matsayin mutum a doka shi ne ke yanke abin da zai samu.

Ƙasar Gobir da iyaka ta raba

Ba yau Gobirawa suka fara irin wannan ƙaura ba. Bayan faɗuwar Alƙalawa a hannun mayaƙan jihadi a 1808, da kashe Sarkin Gobir Ali a yaƙin Gawakuke a 1836, waɗanda suka ƙi bin Sakkwato sun nausa arewa, inda Sarki Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A wajajen 1860 Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri, ya sasanta da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka a yarjejeniyoyin 1904 da 1906, sai Tsibiri ta faɗa ɓangaren Faransa, Sabon Birni da Isa ɓangaren Ingila. Siyasa ce ta raba gidan tun farko, amma auratayya da cinikayya ba su yanke ba. Shi ya sa mafi yawan masu hijirar yanzu a gidajen jama'a suka fara sauka, ba a sansani ba.

Yawan waɗanda suka tsallaka

A ƙarshen Mayun 2019 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ce mutum kusan 20,000 sun shiga Jihar Maraɗi. Zuwa Satumba adadin ya haura 40,000, a farkon 2021 kuma ya kai kimanin 77,000. Akasarinsu mata ne da yara, kuma gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa suka fi ɗaukar nauyin. A Nuwamban 2021 wasu fiye da 11,000 sun shiga yankin Bangi na Jihar Tawa.

Manyan hare-haren da suka girgiza yankin sun haɗa da na ƙarshen Mayun 2020, wanda ya ci rayuka sama da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, da ƙona motar matafiya a Gidan Bawa a Disamban 2021, da kisan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun masu garkuwa a Agustan 2024.

Izinin zama: baƙo ko ɗan gudun hijira

Ɗan Najeriya da ke zaune a Nijar yana ɗaya daga cikin matsayi biyu. Na farko shi ne na baƙo. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, bayan nan ya nemi izinin zama. Wannan ita ce hanyar fatake da masu ƙwadago. Rauninta shi ne tana bin iskar siyasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar har zuwa Maris ɗin 2024, sannan ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Ɓangarorin biyu sun ce zirga-zirga ba tare da biza ba za ta ci gaba, sai dai yanzu sanarwar hukumomi ce ke riƙe da ita, ba zama cikin ƙungiya ɗaya ba. A Janairun 2025 ɗin kuma Nijar ta fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shigowa da zaman baƙi.

Matsayi na biyu shi ne na ɗan gudun hijira, wanda bai dogara da ECOWAS ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta tanade shi ga wanda ake tsangwama saboda launin fata, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa ko rukunin jama'ar da ya fito. Manomin da ɓarayin daji suka kora ba lallai ya shiga wannan ma'ana kai-tsaye ba. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ce ta faɗaɗa ta, ta haɗa da duk wanda mummunan rikici ya tilasta wa barin gidansa. Nijar tana da dokarta ta 'yan gudun hijira tun 1997, a 2020 kuma ta amince da 'yan Najeriya da rashin tsaro ya koro a matsayin 'yan gudun hijira a dunƙule, wato ba sai kowa ya kawo hujjarsa shi kaɗai ba. Abin da ake buƙata shi ne rajista, inda ake ɗaukar hoto da zanen yatsu.

Babban amfanin wannan matsayi shi ne haramcin mayar da mutum inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Yarjejeniyar 1969 ta kuma nemi a zaunar da masu hijira nesa da iyaka. A kan haka aka kwashe dubbai zuwa Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori, inda suke amfani da rijiyoyi da makarantu da asibitoci tare da mutanen gari. Da yawa sun gwammace zama bakin iyaka domin su riƙa leƙa gonakinsu.

Ɗan ƙasanci

Hijira ba ta zare wa mutum ɗan ƙasancinsa. Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Najeriya ne matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne. Sashe na 28 kuma bai hana haifaffen ɗan ƙasa karɓar shaidar wata ƙasa ba.

A ɓangaren Nijar, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta wadatar ba. Dokar 1984 da gyare-gyarenta sun ba da ɗan ƙasanci ga wanda uwarsa ko ubansa ɗan Nijar ne, da wanda aka haifa a Nijar kuma ɗaya daga cikin iyayensa ma a can aka haife shi. Baƙo kuwa sai ya shekara 10 yana zaune kafin ya nema, kuma amincewa tana hannun gwamnati. Gyaran 2014 ya halatta riƙe shaidar ƙasa biyu, ya kuma ba mace 'yar Nijar damar bai wa mijinta baƙo ɗan ƙasanci, abin da ya shafi gidaje masu yawa a Gobir.

Duk waɗannan haƙƙoƙi sai da hujja. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba zai iya tashi yana da ƙasa a doka amma ba shi da abin nunawa a makaranta ko a bakin iyaka. Ana yin rajistar ne a asibitin da aka haihu ko ofishin magajin gari cikin wa'adin da doka ta kayyade. Wanda ya makara sai ya bi ta kotu.

Kiwon lafiya

Tun 2005 da 2006 Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa, awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, a Agustan 2024 kuma ta sanar da rage kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje da rabi. A aikace, jinkirin biyan asibitoci kuɗaɗensu yakan jawo yankewar magani, majinyaci ya koma saye da aljihunsa, da kuɗin sefa, abin da ke yi wa mai riƙe da naira nauyi.

Ɗan gudun hijira mai rajista yana zuwa asibitocin da 'yan ƙasa ke zuwa, tare da tallafin ƙungiyoyin agaji. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana kula da yara masu tamowa a Madarumfa da Ɗan Isa, cikinsu har da waɗanda ake kawowa daga Najeriya. Cututtukan da suka fi addabar yankin su ne zazzaɓin cizon sauro, tamowa da amai da gudawa, wadda ta ɓarke a Maraɗi a 2018 da 2021. Tallafin ma yana bin siyasa: a Fabrairun 2025 gwamnatin Nijar ta sallami ƙungiyar agaji ta ICRC daga ƙasar.

Ma'aikacin gwamnati da ya kai iyalinsa can ya sani cewa inshorar lafiyar Najeriya asibitocin cikin gida ta ƙunsa. Haka kuma dokar zaɓe ba ta ba mazauna waje damar kaɗa ƙuri'a daga inda suke ba.

Komawa gida

Doka ta ce komawa sai da yardar mai komawa. Wanda ya koma ya zauna dindindin da kansa, matsayinsa na gudun hijira ya ƙare, amma gajeriyar ziyara, kamar zuwa jana'iza, ba ta kai ga haka ba. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai dai ga mutanen Gatawa da Gangara da sauran garuruwan yankin, ranar komawa tana rataye ne da ranar da noma da cin kasuwa za su yiwu ba tare da biyan harajin 'yan bindiga ba.