Daga Annobar Dankali zuwa Telolin Cikin Ƙwayar Halitta



Tun da ɗan Adam ya fara noma yake fama da funfuna, watau waɗannan ƙananan halittu masu haddasa tsatsa a alkama da burtuntuna a dawa, amma ya daɗe bai gane abokin gabarsa ba. A shekarar 1845 annoba ta faɗa wa dankalin Turawa a ƙasar Ailan, yunwar da ta biyo baya ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya. Masana da yawa na lokacin sun ɗora laifin a kan danshi da sanyi, suna ganin funfunar ta zo ne bayan ganye ya riga ya ruɓe. Sai a 1861 Anton de Bary, Bajamushe, ya tabbatar da cewa ita ce sanadin ruɓewar. Daga baya an gano cewa wannan halitta kama kawai ta yi da funfuna, amma ƙa'idar da ya kafa ta zauna daram.

To, da aka san mai laifi, sai tambaya ta koma kan makaminsa. A shekarun 1940 Harold Flor, wanda ya yi aiki a kan tsatsar tsiron filas a Amurka, ya nuna cewa kowace ƙwayar gado ta juriya a jikin tsiro tana da takwararta a jikin funfuna. Ashe dai yaƙin na ƙwayoyin gado ne.

A 1977 Richard Roberts da Phillip Sharp, kowanne da nasa ayarin, suka gano abin da ya girgiza masana, har aka ba su lambar Nobel a 1993. Saƙon da ke cikin ƙwayar gado ba a jere yake ba. Akwai gutsattsarin da ba a bukata a tsakaninsa. Kafin a ƙera furotin, dole a kwafi saƙon, a yanke rarar, a haɗa sauran. Ku ɗauka tela ne aka ba shi yadi: ya yanka, ya zubar da ƙyalle, ya ɗinke. Kuma kamar yadda yadi ɗaya kan zama riga ko wando, haka ƙwayar gado ɗaya kan ba da furotin iri-iri, gwargwadon inda aka yanka. Masu wannan aiki wasu furotin ne da ke haɗuwa da gutsattsarin RNA, su ne telolin.

Ina ruwan manomi da wannan? A 2014 masana a Jamus suka nuna cewa burtuntunar masara, in aka raba ta da furotin Num1, zarenta ba ya girma daidai, cutarwarta kuma tana raguwa. A 2016 masana a Sin suka cire Prp4 daga funfunar Fusarium, mai lalata zangarniyar alkama tana barin guba a cikin tsaba. Ɗinkin saƙonni masu ɗimbin yawa ya lalace, girmanta ya tsumbure, ta kasa kama alkama. Watau tela ɗaya ke riƙe da makamai da yawa.

Sai dai fa akwai ƙaya a hanya. Irin waɗannan teloli suna jikin tsiro, suna jikinmu, don haka duk maganin da za a haɗa dole ya bambance na funfuna da namu. Ga shi kuma abokin gaba bai zauna ba: cutar ƙunar alkama da ta ɓulla a Barazil a 1985 ta isa Bangaladash a 2016, sa'an nan ta shigo Zambiya.

Darasin da ke nan shi ne, Roberts da Sharp ƙwayar cutar bairos suke nazari, ba gona ba, amma ga inda aikinsu ya kai mu. Ma'aikacin da ke tsara kasafin kuɗi ya tuna da haka ran da aka kawo masa bukatar binciken da bai ga amfaninsa nan take ba.