Mujallar Da Ɗalibai Ke Duba Rubutun Malamansu

A tarbiyyar makarantun zaure, almajiri ba ya gyara wa malam karatu. Sai ga shi a Amurka, manyan mujallun shari'a suna hannun ɗalibai ne, su ke karɓar rubutun farfesa, su ke mayar masa da shi in bai yi musu ba.

Abin ya kafu ne a Jami'ar Harvard. A watan Afrilu 1887, wasu ɗaliban shari'a, cikinsu har da John Jay McKelvey, suka fitar da bugun farko na Harvard Law Review, da goyon bayan wani tsohon ɗalibin makarantar, Louis Brandeis. An yi irin wannan yunƙuri a Albany a 1875 da Columbia a 1885, amma bai ɗore ba. Na Harvard ya zauna da gindinsa, har Yale ta bi sahu a 1891, Columbia ta dawo a 1901.

A ƙarshen shekarar farko ake gasar rubutu, a haɗa da sakamakon jarrabawa, a zaɓi sababbin editoci. Editocin su ke zaɓen shugabansu daga cikinsu. A 1990 Barack Obama suka zaɓa, baƙar fata na farko a kujerar. Aiki mafi wahala shi ne tantance madogara. Duk hukuncin kotu ko littafin da marubuci ya ambata, sai ɗalibi ya nemo shi, ya buɗe shafin, ya tabbatar abin da aka jingina masa yana ciki. Daga wannan aiki aka samu Bluebook a 1926, littafin ƙa'idar ambaton madogara da lauyoyin Amurka ke bi har yau.

Me ya shafi mai riƙe da waya a Ruwan Bago ko Karaye? A Disamba 1890 mujallar ta buga maƙalar Samuel Warren da Brandeis, The Right to Privacy, wadda ta kawo hujjar cewa mutum yana da haƙƙin a rufa masa asirinsa daga 'yan jarida da masu ɗaukar hoto. Kotunan Amurka sun yi ta dogaro da ita, tunanin kuma ya bazu duniya. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan Najeriya, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta tarho. Dokar kare bayanai ta 2023 ma a kan wannan turba take.

Tsarin bai rasa masu suka ba. A 1936 Farfesa Fred Rodell na Yale ya yi bankwana da irin waɗannan mujallu, yana kukan nauyin salonsu da yawan ƙarin bayani a ƙasan shafi. Alƙali Richard Posner shi ma ya nuna cewa ɗalibin shekara biyu bai isa ya auna zurfin binciken gwani ba. Da gaskiyarsu. Amma ko masu sukar ba su musanta cewa aikin yana horar da ɗalibi ba.

Mu ma muna da tsohon gidan karatun shari'a. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Yau ga tsangayar shari'a a Kongo, Zariya, ga ta Jami'ar Bayero, ga makarantar lauyoyi a Bagauda. Rigingimun gado, da na gona, da na manoma da makiyaya da kotunan Rogo da Karaye ke saurara kullum, sun isa su cika mujalla. Intanet ta sauke kuɗin ɗab'i. Abin da ya rage shi ne ɗalibai masu haƙurin buɗe Risala da Mukhtasar da rahotannin Kotun Ƙoli shafi-shafi, da kuma shirin miƙa aikin ga na baya kafin su kammala. Rashin magaji ne ke kashe mujallar ɗalibai, ita kuwa ta Harvard ta haura shekara 135 ana miƙa ta hannu zuwa hannu.