GEDCOM da lanƙwasar sunayenmu

A shekarar 1984 cocin Mormon da ke Salt Lake City, a Amurka, ya fitar da GEDCOM, tsarin adana salsalar dangi a fayil guda wanda kowace manhajar asali za ta iya karantawa. Neman sunayen kakanni ibada ce a wurinsu, shi ya sa suka dage. Fayil ɗin rubutu ne zalla: lamba a farkon layi, sai alama kamar NAME ko BIRT, sai bayani.

Sigar 5.5 ta 1996 ta fifita jerin haruffan ANSEL na ɗakunan karatun Amurka, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Ɗanjuma kan koma Danjuma, Ƙaura ya zama Kaura. Daftarin 5.5.1 na 1999 ya shigo da UTF-8 mai ɗauke da haruffanmu, amma sai a sigar 7.0 ta 2021 ya zama dole.

Har yau akwai sauran gyara. "Iyali" a tsarin miji ne da mace ɗaya, don haka magidanci mai mata uku iyali uku ake rubuta masa.