Aya-aya

aya-aya (suna, mace). Haki ne dangin aya da kajiji. Sunanta na kimiyya Cyperus rotundus.

*Kamanni:* Tsayinta bai cika wuce kamu ɗaya ba. Karanta yana da kusurwa uku, ba gaɓa, ba rami a ciki, shi ya sa ba ya mulmuluwa tsakanin yatsu. Da wannan ake bambance ta da ciyawa, wadda karanta mulmulalle ne mai gaɓoɓi. Ganyenta siriri ne, kore shar, mai sheƙi, yana fitowa daga gindi ta ɓangarori uku. Furenta ja ne mai duhu, a ƙolin kara.

*Mazauni:* Tana son ƙasa mai laima da hasken rana. A yankin Malumfashi da Funtua ana samun ta a fadama da lambunan rani da gonakin masara da auduga. Ba ta jure inuwa.

*Yaɗuwa:* Saiwarta tana bin ƙarƙashin ƙasa tana ajiye 'ya'ya baƙaƙe a jere, masu ɗaci da ɗan ƙamshi. Kowane ɗa yana iya tsirowa, don haka ko an nome ta da fartanya, ba a jimawa take dawowa. Kaftun rani yana fito da 'ya'yan waje, rana ta busar da su.

*Misali:* "Aya-aya ta cinye mini fangalin albasa."

*Duba kuma:* aya, wadda furenta rawaya ne, 'ya'yanta masu zaƙi, ana ci ana kunu da su. Kajiji, na bakin ruwa, da ake turare da saiwarsa.