Daga Bushiya Zuwa Mafitsarar Muzuru: Mu da Likitan Dabbobi a Sabon Ibadan

Yau ina so mu ɗan waiwaya baya, mu duba wata alaƙa da ba a cika maganarta ba, wato wadda ke tsakaninmu da likitan dabbobi. Dabba ce ta kawo iyayenmu garin nan, ita da goro. Amma in ka tsayar da mutum goma a bakin kasuwa ka tambaye su ina ake kai ƙarar likitan dabbobi in ya yi ganganci da aikinsa, da wuya ka sami ɗaya da zai ba ka amsa. Wannan yana da dalili, kuma dalilin yana cikin tarihinmu.

A shekarar 1916 aka keɓe wa Hausawan Ibadan unguwar Sabo. Kafin nan a warwatse suke cikin gari, suna zaune a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, ya kai Kano a 1911, saboda haka lokacin da aka kafa Sabo hanya ta riga ta buɗe: goro ya hau, shanu su sauko, wasu a taragu, wasu a ƙasa ana koro su makonni. Sai dai saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi. Ƙudan tsando yana jiran ta a hanya, ya sa mata sammore, ta fara ramewa. Duk wanda ya iso Ibadan da garke ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne, ko ya sayar da wuri ko ya tsaya yana kallon jarinsa yana narkewa.

Wannan gaggawa ita ta haifi tsarin maigida. Wani Bature masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanmu a 1969. A lissafinsa, kimanin shanu 75,000 ake sayarwa a kasuwar Ibadan duk shekara a wancan lokaci, alhali mutanen unguwar gaba ɗaya sun ɗan haura 4,000 ne kawai. Falke zai sauka a gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarbawa, kuma mafi yawan cinikin bashi ne, babu takarda, babu banki, babu kotu. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya baƙonsa daga aljihunsa. In dillali ya yi ha'inci, labari zai riga shi isa Kano. Mai karatu ya riƙe wannan, don nan maganata za ta dawo: a kasuwar iyayenmu, duk wanda ka danƙa wa dabbarka yana da wanda ya tsaya masa, kuma an san ƙofar da za a buga in an ga ba daidai ba.

Likitan dabbobi kuwa ta wata ƙofa daban ya shigo mana, ƙofar hukuma. Wajen 1890 annobar bushiya ta share shanun ƙasar Hausa da Borno, kamar yadda ta yi wa yawancin Afirka, Fulani da yawa suka wayi gari ba su da ko maraƙi. Da Turawa suka zo, jangali na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin En'e, don haka lafiyar shanu ta zama maganar baitulmali. A Zariya aka fara kafa sashen kula da dabbobi a shekarun 1910, sannan a 1924 aka koma Vom, kusa da Jos, inda aka riƙa haɗa maganin bushiya. Rigakafin farko mai nauyi ne, ana sa wa saniya cutar da maganinta lokaci guda, a tsare ta a sansani har ta farfaɗo, kuma akwai waɗanda ba sa tashi. Bafulatanin da saniyarsa ta mutu a sansanin gwamnati, wa zai kai ƙara? Sai dai ya kora sauran ya yi gaba. Fatake kuma sun san malamin dabbobi ne a tashoshin duba shanu da ke kan hanya, mai duba takardar izini, mai ikon tsare garke. Mahauta sun san shi a kwata, mai cewa wannan huhun bai yi ba, a binne shi.

Ba raina aikinsu nake ba, ko kaɗan. Allurar da Walter Plowright ya samar a Kenya ita aka dogara da ita a gagarumin rigakafin da aka soma a ƙasashen Tafkin Chadi a 1962. Cutar ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980, waɗanda suke kara a 1983 ba su manta ba, amma a 2011 aka sanar da cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu da aka taɓa yi wa haka bayan agana. Wannan aikin likitocin dabbobi ne. Abin da nake cewa shi ne mun saba da su a matsayin masu iko a kanmu, ba mu saba da su a matsayin mutanen da muka biya kuɗi za mu iya tambaya ba.

Abin mamaki, Ibadan ɗin da muke ciki ta zama cibiyar wannan ilimi. Jami'ar Ibadan ta fara koyar da likitancin dabbobi a 1963, sashen ya zama cikakkiyar tsangaya a 1975, kuma tana da asibitin koyarwa. Asibitin dabbobi na gwamnatin jihar Oyo yana nan Mokola, da ƙafa ma mutum zai je daga Sabo. Duk da haka na tashi ina ganin in rago ya ƙi cin abinci, kanwa ake jiƙa masa, ko a aika yaro kemis ya sayo kafso.

To, balle mage. Kusan kowane tsohon gida a Sabo yana da ita, musamman masu ɗakin ajiyar hatsi da wake. Ba a saye ta, ba a sayar da ita, ba a yi mata suna sai "mus-mus". Malamai sukan tuna mana sahabin da aka yi wa laƙabi da 'yar kyanwa, Abu Huraira, saboda haka ba a dukanta, ana zuba mata ragowar tuwo da kan kifi. Amma a ɗauke ta a kai asibiti? Wannan sabon abu ne, 'ya'yanmu da suka yi boko suka kawo shi, tare da maguna masu dogon gashi da ake saye da tsada, da busasshen abincin leda.

A 2019 abin ya zo gidanmu. Gwaggona tana da wani muzuru fari da ta raina tun yana ɗan jariri, shi ke kwana a ƙafarta tun bayan rasuwar mijinta. Wata safiya ta ga yana ta zarya wurin yashi, ya tsuguna ya yi nishi, babu abin da ke fitowa, yana kuka yana lasar gabansa. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, zo ka duba min shi, wannan kukan ba na yunwa ba ne." Kafin azahar na kai shi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Wani saurayi da farar riga ya taɓa cikinsa, ya ce fitsari ne ya toshe. Ya yi masa allurar barci, ya zura roba, fitsari ja ya zubo, ya zare robar nan take, ya ƙara allura ɗaya, ya ce mu tafi gida, ya warke. Ba a ɗebi jini ba, ba a yi ƙarin ruwa ba, ba a ce mana ga abin da za mu lura da shi ba. Da dare muzuru ya koma nishi. Lambar da aka ba ni ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Da safe na koma da shi, aka ce likita bai zo ba tukuna. Kafin la'asar ya mutu a cikin kwando.

Bari in bayyana cutar, don na san akwai gidaje da yawa da za ta ziyarta. Hanyar fitsarin muzuru doguwa ce, siririya, musamman wajen ƙarshenta, ba kamar ta macen ba. Wasu ƙananan duwatsu kamar yashi kan taru a mafitsara, su haɗu da majina su toshe wannan hanya, wani lokaci kuma kumburi kaɗai ya isa. Da zarar ta toshe, mafitsara za ta cika ta yi tauri, ƙoda ta daina tace jini, sinadarin fotashiyam ya hau, shi ne yake tsayar da zuciya. Cikin kwana biyu zuwa uku dabba ta tafi. Mutane da yawa suna ɗauka kashi ne ya ƙi fita, shi ya sa ake makara. Likitoci suna danganta yawan faruwarta da muzurun da aka dandaƙe, mai ƙiba, wanda ba ya fita, ga busasshen abinci ga ƙarancin shan ruwa. Aikin da aka sani kuwa shi ne a gwada jini a ga halin ƙoda, a yi ƙarin ruwa, a buɗe hanya, a wanke mafitsara, sannan yawanci a bar robar a ciki kwana ɗaya ko biyu dabbar tana kwance a asibiti, kada a sallame ta sai an ga tana fitsari da kanta.

A yi adalci. Wannan toshewa tana dawowa ko a hannun ƙwararren likita a Ingila ko Amurka, har akan kai ga tiyata a faɗaɗa hanyar gaba ɗaya. Mutuwar dabba ita kaɗai ba hujjar sakaci ba ce. Kuma na san likitoci a ƙasar nan suna aiki ba wutar lantarki, ba na'urar gwaji, ga masu dabba da ke cewa ba su da kuɗin kwanciya. Likita yana iya zare roba ya sallami mage saboda mai ita ba zai iya biya ba. Amma sai ya faɗa masa, ya ce ga hanya mai tsada, ga mai araha, ga haɗarin kowace, in ka ga kaza cikin dare ka ruga wuri kaza. Mu ba a ba mu zaɓi ba, kalmar "ya warke" aka ba mu. Da na nemi a nuna mini katin da aka rubuta abin da aka yi masa, sai aka ce ba a buɗe masa kati ba. Da na tambayi sunan wanda ya yi aikin da lambar rajistarsa, aka ce in dawo gobe. A nan zargina ya tsaya, kuma a ganina zargi ne mai tushe.

Da na kai maganar zauren wani dattijo da ya yi shekaru yana dillancin shanu, dariya ya yi. Ya ce, "Haba yaro, a kan mage? Kwanansa ne ya ƙare." Na ce, "Baba, da bijimin baƙonka ne aka yi wa allura ya faɗi, haka za ka ce?" Ya yi shiru, can ya ce ai wannan dukiya ce, da kara gaba ɗaya ta tashi. Gaskiya ya faɗa. Tsarinmu na bin haƙƙi an gina shi ne a kan abin da ke da farashi, kuma a kan mutumin da ke cikinmu, wanda za a iya kunyata shi a gaban jama'a ko a daina ba shi kaya. Saurayi mai farar riga ba ɗan unguwa ba ne, ba shi da maigida a Sabo, muzurun gwaggo kuma ba shi da farashi a kara. Ita kuwa ta yi sati ba ta cin abincin kirki.

Amma shi ma likita yana da nasa maigidan, mu ne ba mu san gidan ba. Akwai Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, mai hedikwata a Abuja, wadda dokar 1969 ta ɗora wa alhakin yi wa likitoci rajista. Wanda ba ya cikin rajistarta ba shi da izinin kiran kansa likitan dabbobi, komai farin rigarsa. Dokar ta tanadi yadda za a binciki ƙorafi, a ladabtar da wanda aka samu da laifi, har a soke sunansa. Dokar ba ta ce sai saniya ba. Sai dai bincike yana tafiya ne da takarda: rasidi, sunan likita, ranar da aka je, abin da aka yi. Mu kuma jikokin mutanen da suka yi cinikin shanu 75,000 a shekara da baki kawai ne, neman rasidi a wurinmu kamar zargin mutum da sata ne.

Tsarin maigidan ma ba kamar da yake ba. Tirela ta karɓi aikin jirgi da na masu koro, waya da tura kuɗi ta banki sun rage buƙatar mai masauki, kasuwar shanu ta bar kusa da mu tuntuni, yanzu sai mutum ya nufi Akinyele. Yaranmu kuwa suna ta ƙara kawo maguna gida, suna sayen abincin leda a manyan kantuna. Na lura 'yan matan gidanmu, waɗanda ba su taɓa taka kara ba, su ne ke buɗe wa magensu kati, su ɗauki hoton takardar magani a waya, su tambayi likita sunansa kafin ya taɓa dabbar. Dattijon nan da ya yi mini dariya, jikarsa tana da maguna biyu, kuma shi yake biyan kuɗin allurarsu.