Tarihin talla a arewacin Kamaru: daga kalangun mahauta zuwa wayar salula

Talla ita ce duk hanyar da mai haja ke bi don sanar da jama'a abin da yake sayarwa, ya kuma kwaɗaitar da su su saya. A Hausa kalmar ta ƙunshi yawo da kaya ana kiran masu saye, da kuma sanarwar da ake biyan kuɗi a saka a rediyo, jarida ko allo. A Garwa da Pitowa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, tsofaffin hanyoyin talla da sababbi suna tafiya tare har yau. Abin da ya fi sauyawa shi ne mai ɗaukar alhaki idan kaya suka saɓa da yadda aka yabe su.

Asalinta a duniya

Talla ta girmi jarida da rediyo nesa ba kusa ba. A birnin Pompeii na Italiya, wanda aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono bangaye ɗauke da tallan wasanni da gidajen haya da 'yan takara. A ƙasar Sin, zamanin daular Song (960 zuwa 1279), wani shagon allura a birnin Jinan ya sassaƙa farantin tagulla mai hoton farin zomo, wanda ake buga takardar tallarsa da shi.

Injin ɗab'i na Gutenberg, wajen 1450, ya sa takarda ɗaya ta iya zama ɗaruruwa. A 1836 Émile de Girardin ya kafa jaridar La Presse a Faransa, ya karya farashinta, ya cike giɓin da kuɗin masu talla. Wannan tsari ne kafofin watsa labarai da dama ke rayuwa a kansa har gobe. Sai tallan rediyo a Amurka a 1922, na talabijin a 1941, da allon talla na intanet a 1994.

Murya da ganga

Fatake Hausawa sun yawaita a ƙasar Adamawa a ƙarni na 19, bayan jihadin da Modibbo Adama ya jagoranta daga 1809. Suna kawo tufafi da sauran kayan Kano, suna komawa da hauren giwa, kasuwancin bayi kuma na cikin harkokin wancan zamani. Garwa, da ke bakin kogin Binuwai, ta zama zango a kan wannan hanya. Tare da kayan suka zo da dabarun tallarsu.

Mahauta na da kalangu: idan aka ji kiɗansa a kasuwa, an san an yi yanka, nama ya samu. Sankira da mai shela suna zaga gari da saƙon fada ko na masu biki. Maroƙa suna yi wa attajiri kirari, suna ɗaukaka sunansa da sana'arsa. Matan da ke cikin gida suna aika yara da tiren ƙosai, fura ko ƙuli-ƙuli, dillaliya kuma tana shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka.

Wanda ya fi kowa nauyi shi ne dillali da mai masauki. Baƙon da ya zo da shanu ko goro yana sauka a gidan wanda aka sani, shi zai nemo masa mai saye, ya tsaya masa, ya karɓi la'ada. Idan saniya ta fito da ciwo ko bashi ya maƙale, an san ƙofar da za a buga. Sarautu irin su Sarkin Pawa da Sarkin Shanu, waɗanda fadojin lamiɓe da dama suka ara daga Hausa, suna sa ido kan masu waɗannan sana'o'i. A kasuwar Pitowa, wadda ke ci ranar Lahadi kimanin kilomita 15 daga Garwa, har yanzu da wuya a yi cinikin dabba ba tare da dillali ba.

Zamanin Turawa da bayan 'yanci

Jamusawa sun kama Garwa a 1901, sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915, daga nan ta shiga hannun Faransa har zuwa 'yancin kai a ranar 1 ga Janairun 1960. Kamfanonin Turawa da ke shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa ta Garwa, lokacin da Binuwai ke cika da damina, sun kawo sabon abu: tambari. Mai saye da bai iya karatun boko ba yana gane sabulu, ashana ko atamfa ta hoton da ke jikinsu, kuma sau da yawa sunan hoton ne ke zama sunan kayan a kasuwa.

A ƙarshen shekarun 1950 aka buɗe gidan rediyon Garwa, wanda ya riƙa watsa shirye-shirye da Fulatanci da Hausa ban da Faransanci. Sanarwar haihuwa, rasuwa, cigiya da buɗe shago ta koma rediyo, wato aikin mai shela ya samu sabon maƙogwaro. Talabijin ta fara aiki a Kamaru a 1985, aka kafa hukumar CRTV a 1987, sannan wata dokar gwamnati ta watan Afrilun 2000 ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu.

Tufafi ma sun zama allon talla. Masaƙar CICAM, wadda aka kafa a 1965 da reshe a Garwa, ta shafe shekaru tana buga atamfar ranar mata ta 8 ga Maris, jam'iyyu da ƙungiyoyi kuma sun saba buga tasu da tambari ko hoton shugaba. A fagen wasa, kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Garwa, shi ke riƙe da ƙungiyar Coton Sport. Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta sa sunan auduga da na Garwa a bakin masu kallon ƙwallo a nahiyar.

Salula da intanet

Daga shekara ta 2000, gasar kamfanonin salula, musamman MTN da wanda ya koma Orange a 2002, ta sauya kamannin tituna. Aka shafe bangayen shaguna da launin rawaya ko na lemo, aka cika mahaɗar hanyoyi da lema da rumfunan sayar da kati. Manyan alluna dai da Faransanci ake rubuta su, alhali cinikin kasuwa da Fulatanci da Hausa ake yin mafi yawansa. Shi ya sa kamfanoni ke haɗawa da mota mai lasifika da tallan rediyo cikin harsunan gida.

Yau tela, mai turaren wuta ko mai kilishi na iya ɗora hoton kayansa a WhatsApp, Facebook ko TikTok, ya samu mai saye daga Yola, Marwa ko Njamena, a biya shi ta waya. Saƙon murya ya sauƙaƙa wa wanda bai yi boko ba, kuma mata da yawa suna sayar da kayansu ba tare da sun ɗora wa yarinya tire ta rasa makaranta ba.

Doka da hattara

Dokar da ke kula da talla a Kamaru ita ce mai lamba 2006/018 ta ranar 29 ga Disamban 2006. Ta haramta tallan ƙarya da tallan taba a kafofin watsa labarai, ta kuma ƙuntata tallan magani da na wuraren jinya. Duk da haka, mai lasifika da ke sayar da garin da ya ce yana warkar da basir, shawara da ciwon suga gaba ɗaya bai ɓace daga kasuwanni da tashoshin mota ba, ya ma samu gurbi a intanet.

Haɗarin ya fi girma ga mazauna bakin iyaka, domin talla na tsallake iyaka cikin daƙiƙa, hukuma kuwa ba ta da iko a ƙasar maƙwabta. Shirin MMM, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ya bazu a Najeriya ta wayoyi da bakin 'yan uwa, kafin ya rufe asusun jama'a a Disamban 2016.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Kafin a tura kuɗi, yana da kyau a yi tambayoyin da ake yi wa baƙo a kara: wa ya san mai kayan, ina shagonsa, wa zai tsaya masa idan kaya suka zo da matsala? Magani kuma a duba ranar lalacewarsa da sunan kamfanin da ya yi shi, a saye shi a kantin magani mai izini.