Furen Gidan Bompai: Wardi Ne Ko Ƙarya?

Maƙalar wannan mako ta samo asali ne daga gardamar da ta tashi a zaman karatunmu na ƙarshen wata. Ɗaya daga cikinmu ya karanta labarinsa, inda tauraruwar ta tsinki "furen ros" a gidansu da ke Bompai ta sa sandarsa a baki, a tsakiyar rani, itacen babu ganye ko ɗaya. Muka ce wardi ba haka yake ba. Ya rantse cewa a gidan kawunsa ya gani, kuma kowa ros yake ce masa.

Ranar Asabar muka je. Guntun itace ne mai kumburarren gindi kamar tulu, rassansa sumul babu ƙaya, furanninsa ja-ja da fari a tsakiya. Shi kuwa wardi da ƙaya aka san shi, bakin ganyensa kamar zarto. Tsohon da ke ban ruwa a gidan, wanda ya daɗe yana kula da shuke-shuken wata masana'anta a Sharada kafin a rufe ta, ya dube mu ya ce, "Ai ƙarya ce." Marubucinmu har ya fara hasala, ya zaci shi ake ƙaryatawa. Ashe sunan itacen ke nan.

Da muka koma ga littattafai sai kunya ta kama mu. Tun 1916 wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa, kuma ƙarya na ciki. Daga bakin kakanninmu ya ji sunan. Shi ne kuma ya fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937. A nan muka sake duban karin maganar nan, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Mun sha rubuta ta, ba mu taɓa lura cewa harshen damo gare ta ba: itacen yana cika da fure, amma a cikin gari ba kasafai ake ganin 'ya'yansa ba. Idan ya yi, kwanso biyu ne kamar ƙahonni.

Masana kimiyya Adenium obesum suke ce masa, sunan da ke da alaƙa da birnin Adan na Yaman. Peter Forsskål ne ya bayyana shi a tafiyar binciken da Denmak ta tura ƙasar Larabawa a 1761. Ya rasu a Yaman a 1763, sai a 1775 aka buga aikinsa. Babu dangantaka tsakaninsa da wardi ko kaɗan.

To ina "ros" ya fito? Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin wardin hamada. Bayan sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, a wajen ganuwa suka zauna, wajajen Nasarawa da Bompai. A Bompai aka fara kafa unguwar masana'antu, sannan Sharada da Challawa suka biyo baya. Manajoji baƙi suka ƙawata ƙofofin ma'aikatu da gidajensu da shukar da ke jure fari. Zatonmu shi ne masu ban ruwa sun ji sunan a bakin iyayen gidansu suka gajarta shi, mu kuma muka gada. Yanzu ma masu sayar da furanni na kawo nau'in da aka aurar a Tailan, mai fure ninki-ninki, wanda ke ƙara rikita mai kallo.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ruwan jikinsa guba ne mai taɓa zuciya, har wasu al'ummomin Afirka na shafa shi a kibiya. Tauraruwar da ta tauna sandarsa ba za ta kai babi na biyu lafiya ba. Marubucinmu ya cire wannan layin, ya mayar da ros ƙarya, har ya samu abin da zai sa a bakin kishiyar uwar yarinyar. Kawun nasa kuma ya sa an kewaye itacen da waya saboda jikoki.